Yadda Likitoci Su Ke Auna Hatsarin Aikin Fiɗa na Fankiriyas



Yau maganarmu a kan wani aikin fiɗa ne wanda ba kullum a ke yinsa ba, amma yana cikin manya-manyan ayyukan da likita ya ke yi a cikin ɗan Adam. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwana da abin da ba lalle ya same ni ba? Da ruwanka kuwa. Ranar da likita ya jawo ka gefe ya ce mahaifinka sai an yi masa wannan aiki, maganar farko da za ta fito daga bakinka ita ce, "Likita, zai tashi kuwa?" Abin da na ke so in bayyana muku shi ne inda likita ya ke samo amsar da zai ba ka, da kuma iyakar abin da amsar nan ta ke nufi.

Mu fara da ita kanta halittar. Can bayan tumbi, kusa da ƙashin baya, akwai wata tsoka doguwa a kwance, tsawonta kamar inci 6, watau wajen santimita 15. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Kada ku ɗauke ta saifa. Saifa dabam ce, tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, sai dai wutsiyar fankiriyas ta kan kai kusa da ita. Kanta kuwa yana dama, inda farkon ƙaramin hanji ya lanƙwaso ya rungume shi. Aikinta biyu ne. Tana yin insulin, sinadarin nan da ke tsare sukarin jini kada ya wuce kima. Sa'an nan ko wace rana tana yin wani ruwa, lita guda ko fiye, wanda ke bi ta wani siririn bututu a tsakiyarta ya zuba cikin hanji. Ruwan nan shi ke narkar da nama da kitse da tuwon da mu ka ci.

To, ku riƙe wannan, domin dukan maganarmu ta yau a kansa ta ke. Ruwan da ke narkar da naman da ka ci bai san bambancin naman rago da naman jikinka ba. Muddin yana cikin hanji, lafiya lau. In ya ɓalle ya zuba cikin ciki, sai ya shiga cin abin da ya tarar.

Abin da ya fi kai mutum ga wannan aiki shi ne ƙari, yawanci ciwon daji, a kan fankiriyas ko kusa da shi. Da ya ke bututun da ke kawo ruwan matsarmama daga hanta ta cikin kan nan ya ke ratsawa, ƙari na tsirowa sai ya matse shi. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Mutane su ce shawara ce, a shiga dafa saiwa da sassaƙe. Gaskiya ne yawancin shawarar da mu ke gani daga ciwon hanta ta ke zuwa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Amma magidancin da ya haye shekara 40 ko 50, idonsa ya yi rawaya ba zazzaɓi, ba ciwon ciki na a zo a gani, ga shi yana ta ramewa, wannan kada ya zauna gida ko mako guda. Cikin mutum 5 masu ciwon dajin fankiriyas, kamar mutum 1 ne kaɗai ya ke isa asibiti tun ana iya yanke shi.

In aka same shi da wuri, likita ya kan yanke kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da ƙarshen bututunta, wani lokaci har da gindin tumbi. Sa'an nan ya jawo hanjin da ya rage ya yi ɗinki uku: ya haɗa shi da sauran fankiriyas, ya haɗa shi da bututun hanta, ya haɗa shi da tumbi. Aikin ya kan ci awa 5 ko 6, wani lokaci ya fi haka. Wani likitan Jamus, Walther Kausch, ya yi irinsa a 1909, amma sunan da ya bi aikin na wani Ba'amurke ne, Allen Whipple na birnin Niyok, wanda ya ba da labarin nasa a 1935. Har yau aikin Whipple a ke ce masa.

Da fari aikin bai yi suna mai kyau ba. Har cikin shekarun 1960 da 1970, wajen mutum 1 cikin 4 ba ya fita asibiti da rai, har waɗansu manyan likitoci su ka ce gara a bar yinsa. Daga shekarun 1980 abin ya sake. Yau a asibitocin da su ka saba da shi, waɗanda ke mutuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma fa mutuwa ce ta ragu, wahala ba ta ragu haka ba. Har yanzu mutum 30 zuwa 50 cikin 100 su kan gamu da wata matsala bayan aikin.

Ba ko wace matsala ce babba ba. Likitoci suna da ma'aunin da waɗansu likitocin Suwizalan biyu, Clavien da Dindo, su ka tsara a 2004, hawa biyar. Hawa na 1 da na 2 su ne abin da magani ko ƙarin jini zai gyara. Daga na 3 zuwa sama su ne manya, watau sai an sāke huda ciki ko buɗe shi, ko kuwa ƙoda ko huhu sun gaza har an kai mutum ɗakin da a ke kula da masu tsananin ciwo. Na 5 shi ne rasuwa. Waɗannan manyan su ne likita ya ke ƙoƙarin hangowa tun daga nesa.

Akwai ciwon huhu, akwai daskarewar jini a jijiyar ƙafa, akwai tumbin da ya kan yi nauyin tashi, mutum ya yi kwana da kwanaki ba ya iya riƙe abinci. Amma uwar matsalolin ita ce ɗinkin nan na fankiriyas da hanji ya ƙi kamawa, ruwa ya riƙa tsiyaya. Shi a ke kira yoyon fankiriyas. Yoyon da ya kai ga sa mutum ciwo ya kan sami wajen mutum 10 zuwa 20 cikin 100 bayan aikin Whipple. Ruwan ya taru, ƙwayoyin cuta su shiga, ya zama mugunya. In aka yi rashin sa'a ya ci jikin wata jijiyar jini da ke kusa, sai jini ya ɓalle bayan mako guda ko biyu, daidai lokacin da dangi su ka fara cewa an tsallake.

Awon farko tun kafin a shiga ɗakin fiɗa a ke yinsa, kuma ba fankiriyas a ke dubawa ba, mutumin a ke dubawa. Likitan da ke sa barci zai tambaye ka ko kana iya hawa bene hawa biyu ba tare da ka tsaya kana haki ba. Tambayar kamar wasa, amma tana gaya masa ƙarfin zuciyarka da huhunka. Zai duba hawan jini, da sukari, da ƙoda, da yawan jinin jikinka. Zai so ya san nauyin da ka zubar cikin watannin baya, domin jikin da ya rame ba ya haɗa rauni da sauri. Daga nan ya sa ka cikin wani hawa, tun daga lafiyayye sarai har zuwa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Shekaru suna cikin lissafi, amma ba su ne kan gaba ba. Tsohon da ya haye 70 yana zuwa gona da ƙafarsa ya fi mai 55 da ba ya iya ƙetare tsakar gida.

Abin daɗin wannan awo shi ne akwai abin da a ke iya gyarawa a cikinsa. Mai shan taba ya bari, in da hali mako 4 kafin aikin. Mai ƙarancin jini a ƙara masa. Wanda ya rame a ciyar da shi sosai. A daidaita sukari. A sa mutum ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage wani abu daga hatsarin.

Ita shawarar kuwa, ga wani abin da zai ba ku mamaki. Hankali zai ce a fara sa roba a buɗe bututun da ya toshe, ido ya washe, sa'an nan a yi babban aikin. Shekara da shekaru haka a ke yi. Sai likitocin ƙasar Holan su ka gwada hanyoyin biyu, su ka ba da sakamako a 2010. Cikin waɗanda aka fara sa wa roba, 74 cikin 100 sun gamu da babbar matsala. Cikin waɗanda aka yi wa aikin kai tsaye, 39 ne. Dalili kuwa ita robar tana da nata hatsari, tana kuma buɗe wa ƙwayoyin cutar hanji ƙofa. Saboda haka yanzu ba a sa ta sai da dalili, kamar shawarar ta yi tsanani ƙwarai, ko zazzaɓi ya shiga, ko kuwa aikin zai jinkirta.

Awo na biyu a kan teburin fiɗa a ke yinsa, da yatsun likita. A nan ne maganar ta ke da daɗin ji, domin ta saɓa wa abin da kowa zai zata. Fankiriyas mai lafiya ta fi yin yoyo bisa ga wadda ciwo ya riga ya lalata.

Ku tambayi baduku. In ka ba shi jemammiyar fata mai kauri, zai ɗinke ta ya ja zare iyakar ƙarfinsa, ɗinki ya zauna. In ka ba shi ɗanyar hanta ka ce ya ɗinka, zare zai yi ta yanka ta. To, fankiriyas mai lafiya laushinta ya kusa na hantar nan, bututunta siriri ne, bai fi milimita 2 ko 3 ba, ga ta kuma tana yin ruwa da ƙarfinta. Wadda ciwon daji ya toshe wa bututu watanni kuwa, ruwa ya taru baya ya buɗa bututun, naman ya yi tauri kamar tabo, ruwan da ta ke yi ma ya ragu. Wannan ita ce jemammiyar fata.

A 2013 waɗansu likitocin Amurka, Callery da Vollmer da abokan aikinsu, su ka mai da wannan sani lissafi. Abu huɗu a ke dubawa. In naman mai laushi ne, maki 2, in mai tauri ne babu. In ciwon dajin fankiriyas ne ko daɗaɗɗen kumburinta, babu maki, in wani ciwo ne dabam, maki 1. Bututun da ya kai milimita 5 ba shi da maki, mai 4 maki 1, mai 3 maki 2, mai 2 maki 3, wanda bai wuce 1 ba maki 4. Na ƙarshe jinin da ya zuba wajen aikin: in bai wuce mililita 400 ba babu maki, in ya haura lita guda maki 3, na tsakani 1 ko 2. A tara duka, daga 0 zuwa 10. Wanda ya tashi da 0 da ƙyar a ke ganin yoyo gare shi. Daga 7 zuwa 10 kuwa babban hatsari ne.

Bari in kawo misali. Ga dattijo mai ciwon daji a kan fankiriyas, nama ya yi tauri, bututu milimita 6, jinin da ya zuba mililita 300. Makinsa 0. Ga kuma wani mai shekara 45, ƙarinsa ƙarami ne a daidai bakin da bututu ya ke zuba cikin hanji, fankiriyas da laushinta, bututu milimita 2, jini mililita 800. Nasa maki 8. In ana maganar shekaru masu zuwa, irin ciwon na biyun ya fi ba da fatan warkewa. Amma in ana maganar mako biyun da ke gaba, shi ne likita ba zai yi barci a kansa ba. Dangi su kan ruɗe a nan. Su ga nasu ya fi ƙuruciya, ya fi ƙarfi, amma shi aka fi sa wa ido, sai su zaci an ɓoye musu wani abu.

Daga baya likitocin Holan sun fito da wani lissafi mai abu uku, laushin nama da faɗin bututu da ƙibar mutum, domin mai ƙiba fankiriyas ɗinsa ta kan cika da kitse, ɗinki ba ya zama. Shi faɗin bututu ana iya ganinsa tun kafin aiki a hoton ciki da a ke kira siti, saboda haka likita ya kan shiga da rabin amsar a hannunsa.

Me likita zai yi da makin? In ya yi ƙasa, sai ya cire robar da ya bari tana tsiyayo ruwa daga ciki da wuri, kamar rana ta uku, domin robar da ta daɗe ita ma hanyar cuta ce. In ya yi sama, sai ya bar ta, mai yiwuwa ya sa wata siririyar roba cikin bututun don ta ɗauke ruwan daga kan ɗinki, ya kuma gaya wa masu aikin dare cewa gadon nan shi ne abin lura.

Awo na uku bayan aiki ne, kuma a ganina shi ya fi sauran ceton rai. Ana ɗiban ruwan da ke fitowa ta roba a auna wani sinadarin fankiriyas da a ke kira amilas. Likitocin birnin Verona na Italiya sun nuna a 2007 cewa in ya haura 5,000 a lita tun rana ta farko, to yoyo na tafe. In daga rana ta uku ya wuce ninki 3 na iyakar da a ke samu a jinin lafiyayye, ɗinki yana tsiyaya ke nan. Ko wace safiya ana duba zafin jiki, da bugun zuciya, da numfashi, da gwajin jinin da ke nuna kumburi. A ƙasar Holan dukan asibitoci 17 da ke yin wannan aiki sun haɗu sun gwada wata ƙa'ida: kullum a bi alamun nan ɗaya bayan ɗaya, in sun kai wani matsayi a ɗauki hoton ciki nan take, a zuƙe ruwan da ya taru, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a jira sai mutum ya galabaita. An gwada a kan mutum fiye da 1,700, aka ba da sakamako a 2022. Waɗanda su ka gamu da zubar jini mai tsanani, ko gazawar wata gaɓa, ko mutuwa, sun ragu daga 14 cikin 100 zuwa 8. Waɗanda su ka rasu cikin kwana 90 sun ragu daga 5 zuwa 3. Ba sabon magani aka ƙago ba, ba sabuwar wuƙa ba. Ganin abu da wuri ne kawai.

Nan ne ku masu jinya ku ke da rabo cikin aikin. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke kwana a gindin gado, sau da yawa shi ke fara ganin abin da ya sāke. In ruwan roba ya juya ya yi duhu ko wari, faɗa. In majinyacin da jiya ya ke hira yau ya ruɗe, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ciki ya kumbura, faɗa. Wanda ya fi duka shi ne jini. In ka ga ɗan jini sabo cikin roba bayan kwanaki, ko cikin amai, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, kada ka ce ai kaɗan ne, ya ma tsaya. Sau da yawa ɗan jinin nan ɗan aike ne, babban yana baya, tsakaninsu awoyi ne ko kwana guda. Ko tsakar dare ne a ta da nas, a ce ta kira likita.

Akwai abu guda da ba ya cikin jikin majinyaci, amma yana cikin lissafin hatsarinsa, watau asibitin da za a yi aikin. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa a asibitocin da ba su cika yin aikin fankiriyas ba, mutum 16 cikin 100 su ka rasu, a waɗanda su ka fi kowa yinsa kuwa kamar 4. Wani binciken na 2009, a kan manyan ayyukan fiɗa iri-iri, ya nuna cewa matsala kusan daidai ta ke aukuwa a ko wane asibiti. Bambancin yana wajen ceto mutum bayan ta auku. Saboda haka ba hannun likita kaɗai za ka duba ba. Tambayi sau nawa su ke yin aikin nan a shekara. Tambayi ko akwai jini a ajiye, ko ana ɗaukar hoton siti da dare, ko akwai ɗakin kula da masu tsananin ciwo. Wannan ba raini ba ne, likitan kirki ba zai ji haushi ba. In ya ce gara ku tafi asibitin koyarwa mai nisa, to ya yi muku gata, kada nisan hanya da kuɗin mota su hana.

Sai dai kada kowa ya ɗauki lissafin nan duba. In likita ya ce hatsarin babbar matsala 20 ne cikin 100, nufinsa shi ne in aka tara mutum 100 irinka, wajen 20 za su gamu da ita, 80 su wuce. Wane ne cikin 20, wane ne cikin 80, ba ya iya nunawa. Mai maki 9 ya kan koma gida lafiya ƙalau, mai maki 2 ya kan yi yoyo. Har wa yau, yawancin ma'aunan nan a kan majinyatan Turai da Amurka aka tsara su. Mutumin da ya iso bayan wata huɗu yana shan sassaƙe, jini ya ƙare, jiki ya zube, dole likitansa ya ƙara nasa hankali a kan abin da takarda ta ce. Kuma ko wane lissafi gefe biyu gare shi. Aikin yana da hatsari, amma ga mai ciwon dajin fankiriyas, yanke shi, tare da magungunan daji da a ke bayarwa kafin aikin ko bayansa, ita ce hanya kaɗai da a ke sa ran warkewa ta cikinta. Wani kuwa, in aka auna aka ga jikinsa ba zai ɗauka ba, sai a yi masa ƙaramin aiki, a buɗe bututu shawara ta sauka, ƙaiƙayi ya lafa, ya iya cin abinci.

Wanda aka sallama, yawanci bayan mako guda zuwa biyu, kada ya zaci an gama. Likitoci har kwana 90 su ke ƙirgawa. Ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. In bayan gidansa ya yi maiƙo yana yawo bisa ruwa, ruwan narkar da abinci ne ya kasa, akwai ƙwayoyin da a ke haɗiya tare da abinci don su cike gurbinsa. A riƙa auna sukarinsa, domin rabin fankiriyas ba lalle ta yi insulin da zai isa ba. In zazzaɓi ya zo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko aka ga jini, a koma asibitin da aka yi aikin, da takardar sallama a hannu, ba kantin magani na bakin kasuwa ba.

Sai wani makon kuma. Ku huta lafiya.